Ranar Da Na Huda Katin Surukina

Ko na tsufa na manta sunayen jikokina, ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Talata a Ikko ba.

Sana'ata ɗinkin buhun albasa a kasuwar Illela, kuma shekarata biyu ke nan ina zuwa ajin yaƙi da jahilci. Da idon surukina, Baba na Kalmalo, ya yi yana, ɗansa Sani da ke aikin tela a Ikko ya samo mana ranar ganin likita: Talata, ƙarfe goma. In ta wuce, sai bayan wata uku. Dangi suka ce ni zan raka shi, tunda ni ne "mai karatu". Ban musa ba. (Gaskiya ma har sabon biro na saya.)

Mun sauka ranar Litinin da hantsi. Sani ya ce gobe ba zai iya barin shago ba, ya ba mu kati biyu na doguwar motar gari. Ya ce an zuba kuɗi a ciki, ba a ba kowa ko sisi, ɗora shi kawai za mu yi a kan na'urar bakin ƙofa, ta yi ƙara, mu shige. Na ce na gane tun bai rufe baki ba.

Yana fita hankalina ya ƙi kwanciya. In sa katin a aljihu, in fito da shi, in sa a hula, in sake dubawa. Abu sumul kamar sabulu, a garin da aka ce ana yanke aljihu mutum yana tsaye! Mu a wurinmu duk abin da kake tsoron ɓatansa huda shi ake yi a sa masa igiya, a yi masa shaida. Basillata kuwa ba ta rabuwa da ni. Na ɗora ta a rishon Sani har ta yi ja, na huda katunan nan biyu tsaf, na zura igiyar buhu, na rubuta sunan kowa da manyan baƙaƙe. Na rataya wa Baba nasa a wuya, ya shafa, ya sa mini albarka.

Da safe muka bi layi, ina ta kallon agogo. Motar ta zo ƙarfe takwas da rabi. Na sunkuya da katin a wuyana kamar raƙumi zai sha ruwa, na ɗora. Shiru. Na juya shi, na goge da riga, na hura masa iska, na danna da ƙarfi. Shiru. Na jawo na Baba, har da Baban, shi ma shiru. Bayanmu an fara tsaki da yaruka uku.

Ma'aikaciyar da ke bakin ƙofa ta kama igiyar ta ɗaga katin sama, ta leƙa ta cikin hudar, ta kira abokan aikinta su zo su gani. Baba bai ga dariyar ba, amma ya ji ta. Ya buga sandarsa a ƙasa.

"Mi af faru? Ku gaya musu injinsu ya lalace. Wanga da kuka gani mijin ɗiyata na, kuma ya yi karatu."

Wani Bakano mai jaka ya matso, ya karɓi katin ya juya bayansa. Cikin ladabi ya bayyana mana cewa akwai siririyar waya da ta zagaye cikin katin, wanda ya huda ya tsinke ta, kuma ga gargaɗi nan an rubuta da ƙananan baƙaƙen Turanci. Sai ya tambayi Baba wane mugun ne ya yi masa wannan aiki.

Na dubi ƙasa, na dubi agogo, na ga babu inda zan shiga.

"Baba, ni ne," na ce. "Da basilla."

Motar ta tafi ta bar mu. Muka koma layin sayen sabon kati, wata ma ta wuce muna kallo. Sha ɗaya saura muka isa asibiti, an riga an kira sunansa an wuce. Na roƙi mai rajista da Hausa, da hannu, da ɗan Turancin da ban san ina da shi ba, har ta ce mu jira ƙarshen layi, in likita bai tashi ba. Awa biyar na yi ina safa da marwa a barandar nan, Baba yana zaune yana jan carbi. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Bayan la'asar aka kira shi, shi ne na ƙarshe, aka ba shi ranar da za a yi masa aikin idon. Da muka koma, Sani ya tambayi yadda aka yi. Baba ya ce lafiya lau, Alhamdu lillahi. Ya kurɓi shayi, sannan ya ƙara da cewa, "Sani, in kana da katin banki, kai shi nesa da mijin yayarka."

Tun daga ranar, in na ji bakina zai ce "na gane", sai in tsaya in tambaye shi: me ka gane?