Yadda Za Ka Yi Jinyar Tsohuwarka Ba Tare Da Ka Taka Birnin Gwari Ba

Kana zaune a Kaduna, tsohuwarka tana Birnin Gwari da hawan jini da ciwon suga da gwiwar da ta daina lanƙwasuwa. Kana so a riƙa cewa wane ɗa ne na gari, amma ko kusa ba ka da niyyar bin hanyar dajin nan. Kwantar da hankalinka. Ka bi matakan nan tiryan-tiryan, tabbas za a sa maka albarka a bainar jama'a, tayar motarka kuma ba za ta faɗa rami ko ɗaya ba. An gwada su a kan Salmanu, ɗan farin wata tsohuwa mai suna Hajjo, kuma sun yi aiki har sun so su yi yawa.

1. Samu dalili, ka riƙe shi gam

Dalilinka hanya ce. Babu mai musa maka, don kowa ya san abin da mutane suka gani a dajin nan. Kyawun wannan dalili shi ne ba ya tsufa. Ko an samu sauƙi, direbobi na zuwa suna dawowa da buhunan masara, kai dai ka girgiza kai ka ce har yanzu kana jin ƙishin-ƙishin. Ledar magani kuwa ba ta san tsoro ba. Kai ta tasha, ka damƙa wa direba, ka dawo gida a gajiye kamar wanda ya je da ƙafa.

2. Hoto ɗaya ya ishe ka har abada

Tun kwanciyar Hajjo asibiti ta farko Salmanu ya sa aka turo masa hoton kwalayen magungunanta. Duk ƙarshen wata sai ya nuna wa mai kemis wayar, a zuba masa a leda. Kai ma haka za ka yi. Ko likita ya canza magani, ko ya rage, wannan tsakaninsa da iliminsa ne. Kar kuma ka kuskura ka tambaya ko akwai sauran na watan jiya. Marowata ne ke tambayar saura.

3. Kar ka yi shawara da ƙannenka

Salmanu ya saka hoton nan a zauren hira na 'yan gidansu da ke cikin waya, don a ga ƙoƙarinsa. Ƙanwarsa Huseina da ke Zariya ta gani, ƙaninsa Labaran da ke Minna ya gani, kowa ya ce ai shi ma uwarsa ce. Sai kowanne ya nufi nasa kemis ɗin da hoton. Maganin hawan jini guda ne, amma kamfanoni daban, don haka na Kaduna ya zo fari, na Zariya rawaya, na Minna ja. Babu wanda ya gaya wa ɗan'uwansa, kuma haka ya dace. Idan kuka yi magana za a raba aiki, idan aka raba aiki za a raba yabo.

4. Bar tsohuwa ta tsara abinta

Hajjo ba ta karanta rubutun boko, kwali kuma cika ɗaki yake mata. Sai ta ɓalle ƙwayoyin duka ta zuba a gwangwanin madara. Ba ta san su da sunan ciwo ba, da sunan gari ta san su: na Kaduna, na Zariya, na Minna. Kullum da safe takan sha ɗaya daga kowanne, don kar a ce ta fifita wani ɗa a kan wani.

Nan ne ribarka idan kai ne ɗan fari. Hajjo irin matan da ne, ba ta taɓa kiran sunan Salmanu ba, ba ta haɗa ido da shi, balle ta buɗe baki ta ce ya zo tana son ganinsa. Uwar da kunya ta hana ta neman ka, ai ta sauƙaƙa maka rayuwa.

Za ka lura tun wata bai ƙare ba ake aiko maka cewa naka ya ƙare. Salmanu ya lura, har ya faɗa a zaure cewa ai jiki ya san mai kyau.

5. Yadda ake amsa wayar mai jinya

A kowane gida akwai wadda ke wanke wa tsohuwa kaya, ta dama mata kunu, ta kama ta zuwa bayi. A gidan Hajjo, Huraira ce, matar autansu, wanda noma ke riƙe shi a Kazage. Irin su sukan kira da ƙorafi. Koyi da Salmanu.

"Yaya, Inna fa jiri take ji. Da ta miƙe sai ta dafa bango."

"Tana shan maganin?"

"Tana sha, Yaya. Ni dai gani nake kamar ya yi mata yawa, da za a kai su duka likita ya..."

"Ke dai ki tabbata tana sha. Zan ƙaro na jiri. Layin nan ba ya da kyau."

Layin waya a Birnin Gwari yakan ɗauke da gaske, saboda haka ba wanda zai kama ka da ƙarya.

Kar ka ji tsoron ta yi gaban kanta. Huraira ta taɓa gwadawa, ta ce, "Inna, ko yau a huta da guda ɗaya?" Hajjo ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Na wa za ki cire? Ke kika haifa min su?" Tun ranar bakinta ya mutu, sai dai ta miƙa ruwa.

6. Idan ta faɗi

Za ta faɗi. Hajjo ta gama alwala wata safiya, ta yunƙura, sai ga ta a ƙasa, goshi ya daki bakin turmi. A asibiti likita ya auna ya ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai, a kawo duk abin da take sha. Huraira ta juye gwangwani a kan tebur. Sai da aka haɗa da tsofaffin kwalaye daga bayan gado kafin a gane fari da rawaya da ja duk abu ɗaya ne.

Kar ka ɓata lokaci. Shiga zaure ka tambaya da kakkausar murya wace irin jinya ake yi a gidan nan. Ƙannenka za su mara maka baya, karo na farko da bakinku zai zo ɗaya.

7. Kar ka je

Wannan ne matakin da Salmanu ya karya, mun kawo shi ne don ya zama izina. Ya ji an ce goshi ya fashe, hankalinsa ya tashi, ya shiga motar haya. Ya iso lafiya lau, abin da ya ɗan ba shi kunya, da sabuwar ledar magani a hannu.

An riga an sallamo Hajjo. Da ya yi sallama ta juyar da kai gefe, ta ce wa Huraira, "Tambayi baƙon nan ya hanya." Ya zauna a bakin tabarma. Huraira ta kawo ruwa da gwangwani ta ce likita ya ce ƙwaya ɗaya tak daga cikin ukun, ko wacce ce.

Salmanu ya leƙa. Rawaya da ja sun cika gwangwani, farare 'yan kaɗan ne a ƙasa. Ya tambayi dalili.

Huraira ta sunkuyar da kai. "Yaya, duk ranar da aka wuni ba ka kira ba, da yamma sai ta ce in ƙaro mata na Kaduna."

Hajjo ta yi kamar ba ta ji ba. Ta miƙa hannu, fuskarta na kallon bango.

"Ba ni na Zariya," in ji ta. "Na Kaduna ki adana min, ga mai shi nan zaune. Idan ya tafi na neme shi."

Salmanu ya rasa inda zai ajiye ledar. Ya daɗe a zaune da ita a cinya, kunya da tausayi sun hana shi ɗago kai. Ka ga mutumin da ya zubar da aikin shekaru a zama ɗaya.

A kula

Masu wannan jagora ba likitoci ba ne, ba masu kemis ba ne, ba kuma su suka haife ka ba. Jiri, faɗuwa, fashewar goshi da duk abin da ya biyo baya, tsakaninka ne da ledarka. Idan kuwa ka bi matakan har na bakwai, wata rana ka je ka tarar da gwangwanin a kan taga, farare sun ƙare, ɗakin kuma an share shi an kulle, kar ka neme mu. Mu ma ba mu taɓa taka Birnin Gwari ba.