Ranar da Surukata Ta Same Ni a Ƙafa Ɗaya

Ko na manta sunan unguwarmu, ba zan taɓa mantawa ba da ranar da surukata ta fara ganin tumbina.

Ni ɗan kasuwa ne, shagon atamfa gare ni a unguwar Sersouf ta garin Tamanrasset a ƙasar Aljeriya, kuma a cikin 'yan Maraɗin da ke zaune can ana ɗaukata mutum mai kamun kai. Ko biredi zan fita saye sai da babbar riga da hula. Surukata kuwa, Inna, tun da na auri 'yarta ba ta taɓa ganin ina cin abinci ba. Idan ta zo daga Damagaram, a bakin ƙofa nake durƙusawa in gaishe ta, kaina a ƙasa, in fice kamar wanda aka kora.

Matata Hajiya Rakiya ta yi fama da kansar nono. Aka yi mata aiki, aka shiga yi mata ƙarin ruwan maganin nan da suke kira shimiyo. Alhamdu lillahi ciwon ya lafa, sai dai maganin ya taɓa mata jijiyoyi. Tafin ƙafarta ya mutu, yatsunta suna yi mata tsira-tsira kamar tururuwa na yawo a ciki. Wata rana silifas ɗinta ya fita a hanya, ba ta sani ba sai da muka iso gida. Daga ranar ta kama gado, ta ce ba ta ƙara fita. Mace mai surutu da dariya ta koma shiru, kuma wallahi shirun nan ya fi ciwon tsorata ni.

A asibiti aka haɗa mu da wata Balarabiya mai koyar da motsa jiki, kine suke ce mata. Ta ce kwanciya ba ta yi, ƙafar sai ta ƙara rauni, in aka faɗi a samu karaya. Ta nuna wa Hajiya yadda za ta riƙe kujera ta tsaya a ƙafa ɗaya, ta yi tafiya dunduniya na taɓa yatsa, ta riƙa tsintar ƙananan abubuwa da yatsun ƙafa. Ta ce ba lallai ya warkar duka ba, amma yana rage mutuwar ƙafar, yana kuma gyara tsayuwa.

Muna dawowa gida Hajiya ta ce, "Alhaji, ni da girmana in tsaya ina ɗage ƙafa kamar kaza? Ba ni yi."

Na yi lallashi, na yi wa'azi, na yi fushin ƙarya. Daga ƙarshe ta dube ni ta ce, "To, in abin kirki ne, kai ma ka yi."

Bakina, wanda bai taɓa shawara da ni ba kafin ya yi magana, ya ce, "Wanga ɗan abu? Ni ko ido rufe sai in yi shi."

Haka muka fara. Kullum bayan la'asar sai in rufe ƙofa, in tuɓe riga, in naɗe wando har gwiwa, in watsa ƙwallon dabino a tsakar gida. Ita tana riƙe da kujera, ni ina gabanta da singileti ina ƙirga mata da Larabcin kine, "Wahed! Zuj! Tlata!" (Larabcin nawa na kasuwa ne, amma murya akwai ta.) Tana yi, sai dai fuska a murtuke, kuma ko sau ɗaya ba ta yarda ta saki kujerar nan ba.

Ana haka Inna ta ji labari a waya cewa 'yarta ba ta iya tafiya. Ta ce ga ta nan tafe, za ta ɗauke ta ta kai ta gida ta kwanta a yi jinya yadda aka saba, a daina wahalar da marar lafiya. Na san in ta tafi da ita, gadon nan ne zai cinye ta. Mun sa ran isowarta ƙarshen mako. Mota ta yi sauri, ba wanda ya gaya mini.

Ranar kuwa na manta sakata. Ina tsaye a ƙafa ɗaya, ɗayar a sama da ƙwallon dabino maƙale a yatsu, hannuwa a buɗe, ido a rufe saboda cika alkawari, tumbi ya leƙo ta ƙasan singileti yana shan iska. Ina ta kwarara "Wahed! Zuj!" har ban ji sallama ba. Sai na ji Hajiya ta yi wani irin tari. Na buɗe ido.

Inna ce. Bayanta matan maƙwabta uku ɗauke da kayanta.

Jama'a, a daƙiƙar nan jikina ya rabu uku. Hannu yana son rufe tumbi, zuciya tana son gudu, tarbiyya kuma ta ce durƙusa ka gaida surukarka. Tarbiyya ta yi nasara. Abin da na manta shi ne ƙafa ɗaya ce a ƙasa. Na tafi durƙuso, na yi baya-baya, na zauna daɓas cikin bahon wankin da aka jiƙa. Ruwan sabulu ya yi sama. Daga cikin bahon, ƙafafu a sama, na ji bakina yana cewa, "Inna, an zo lafiya? Ina gajiya?"

Sai dariya ta fashe, dariyar da na yi watanni ban ji ba. Hajiya ce, har da hawaye. Tana cewa "Wayyo Alhaji, wayyo cikina," ta taho ta miƙo mini hannu. Sai da ta iso kaina muka lura, ni da ita, cewa kujerar tana can bayanta, ita kaɗai ta ratso tsakar gidan.

Inna ta dubi kujerar, ta dubi ƙafafun 'yarta, ta sa gefen mayafi ta share ido. Na yunƙura zan tashi, ta ɗaga hannu ba tare da ta kalle ni ba.

"A bar shi nan tukuna," ta ce. "Rakiya, koma ki sake tahowa in gani."

Haka na zauna cikin ruwan sabulu, matan unguwa na toshe baki, matata ta je ta dawo, ta sake zuwa ta dawo. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, ban kuma taɓa jin daɗi irin nata ba.

Inna ba ta ƙara tayar da zancen tafiya da ita ba. Kafin ta koma ma ita ke watsa ƙwallon dabinon. Hajiya har yau yatsunta kan yi mata tsira-tsira, amma da ƙafarta take zuwa kasuwa, ta biyo ta shagona, in akwai mutane ta ce a hankali, "Wahed, zuj."

Abin da na koya shi ne, girman da na yi shekaru ina tattali bai tayar da matata daga gado ba, sai da ya faɗa baho. Amma duk da haka, ɗan'uwa, kafin ka rufe ido ka ɗaga ƙafa, je ka duba sakata.