Tayoyin Injiniya Abdulwahidu

Tun da Hausawa suka fara zuwa Kuala Lumpur ba a taɓa yin masanin taya kamar Injiniya Abdulwahidu ba, Allah ya jiƙansa. Shi da bakinsa ya faɗi haka, kuma mutum ne da ba ya ƙarya sai in magana ta biyo ta kansa. Injiniyancin ma a cikin jirgi ya naɗa wa kansa. Matarsa Kamila ce gwamnati ta turo karatun digiri na uku, shi rakiya ya yo. Amma in ka same shi a teburin mai shayin unguwar Wangsa Maju, wanda a nan ake kira mamak, yana juya shayi yana bayani, sai ka rantse ita ta rako shi.

Datti, abokinsa tun ajin farko na firamare, wanda ke tsaron shagon yadi a titin Jalan Masjid India, abu biyu ya sani game da shi. Ba ya hana abin hannunsa, kuma ba ya fita da takalmi marar ƙyalli. Ko silifas ɗin banɗaki sai ya goge.

Da ya sayi wata jar mota mai ƙofa biyu, wadda ta girmi aurensa, sai ya ce shi da filin tsere. Ya ja Datti shagon taya suka yini. Ya shinshina wannan, ya danna wa waccan farce, ya karanto shekarar da aka buga a gefen kowace da ƙarfi don ma'aikatan shago su ƙaru. A ƙarshe ya zaɓi huɗu masu faɗi, masu laushi, kusan babu zane a jikinsu.

Mai shagon, wani dattijo Basine, ya yi masa gargaɗi: irin waɗannan danƙonsu shi ne amfaninsu. A rage musu iska kaɗan, a fara tafiya a hankali su ɗauki zafi, kuma kada a shafa musu komai.

"Ka ji shi lah," Injiniya ya ce wa Datti da suka fito, har da "lah" ɗin da 'yan ƙasar ke liƙa wa ƙarshen magana. "Ni zai koya wa taya? Ni da na fara gara ta a layinmu tun ina shekara biyar?"

Da ya ji cewa zafi na tsufar da roba, sai ya kai tayoyin ɗakin barci, don nan kaɗai na'urar sanyi take. Kamila ta kwashi littattafanta da katifa ta koma falo, ƙarƙashin fanka. Mako uku tana haƙuri. Ran nan, Datti na zaune yana cin shinkafa, ta tsaya a ƙofar ɗakin ta dubi mijinta.

"Baban Afnan, zagaye ɗaya. In ka zagaya filin tseren nan sau ɗaya lafiya, na bar musu ɗakin. In ka kasa, a sayar da motar, in koma gadona. Malam Datti ne shaida."

"Boleh!" Injiniya ya bugi ƙirji, ya amince da yaren 'yan ƙasar. "Ki rubuta ki ajiye, tayoyin nan su za su sa a riƙa ambaton sunana a ƙasar nan bayan raina."

Datti ya ajiye cokali. Ya san yadda mutumin nan ke son motar.

Ranar Asabar aka ɗaura tayoyin, aka kama hanyar filin. Jama'ar da ya gayyato sun cika mota biyu, har da mata da kulolin abinci. Sai dai kafin a iso, danƙon ya yi aikinsa: tayoyin sun kwaso yashi da tsakuwa da busasshen ganye, sun yi futu-futu. Datti ya je alwala ya dawo, ya tarar da Injiniya a tsugune da tsumma da kwalbar man ƙyalli, yana shafe su har fuskar da ke taka ƙasa.

"Wahidu! Mutumin nan fa cewa ya yi kada a shafa komai."

"Datti, kai yadi ka sani. Matan Hausawan unguwar Bukit Jalil sun zo kallona, sai in fito musu da taya kamar daga gona nake?"

Gaskiya sun yi kyau. Har fuskarka za ka gani a jikinsu.

Ya sa hular kwano, ya ɗaga wa jama'a hannu biyu, ya take mai tun daga farko, don tafiya a hankali ta 'yan koyo ce. A kwanar farko ya murza sitiyari, motar ta ce ba ta ji ba. Ta juya sau biyu cikin yanga kamar mai nuna sabon ɗinki, ta sulale cikin tsakuwar gefe, ta tsaya tana kallon inda ta fito. Datti ya ruga wajen motar. Ya same shi garau, yana gyara wuyan riga.

"Kwanar ce aka gina ba daidai ba," in ji Injiniya. "Zan rubuta musu."

Kamila ta miƙa masa ruwa da hannun dama, ta buɗe na hagu. Ya ɗora mata makulli.

Wanda ya sayi motar ya ce a mayar masa da tsofaffin tayoyinta. Sababbin suka zauna a ƙasan bene, Injiniya yana cewa yana jiran motar da ta dace da su. Bai same ta ba. Azumin bara zazzaɓin kwana huɗu ya tafi da shi, kuma har yau Datti kan ɗauki waya ya nemi lambarsa kafin ya tuna.

Kamila, da saura shekara ta gama karatu, ta cika tayoyin da ƙasa a ɗan lambun bayan benen, ta shuka irin da Gwaggonta ta aiko daga gida. Duk Juma'a in an sauko masallaci Datti yakan biya da tsumma ya goge gefensu, yana dariya hawaye na zuba.

Alkawari kuwa ya cika. Yanzu mata har jirgin ƙasa suke hawa daga Bukit Jalil su zo tsinkar yakuwar Injiniya, kuma ana ambaton sunansa a ƙasar nan duk ranar da aka ɗora tukunyar miya.