Yadda Za Ka Dafa Agwagwa a Otal Ɗin da Aka Hana Girki

"Matata ta saku idan aka kunna wuta a ginin nan," in ji Ustaz Fikri mai otal. Ya tare tsakiyar bene, yana nuna ɗan rishon da ke leƙowa daga hammatar baƙonsa.

"Ka makara," in ji Abdurradi. "Na riga ka rantsewa tun hantsi."

"Rantsuwa ba layin burodi ba ce, ya Hajji."

"Ban je Hajji ba. Matsa in wuce."

"Ga takarda nan a bango. An hana girki."

"Ban zo da tabarau ba."

"Ai na karanta maka."

Daga hawa na uku agwagwa ta yi kuka. Dukansu suka ɗaga kai, sannan kowa ya yi kamar bai ji ba.

Kai mai karatu, idan kana da niyyar kai iyalinka bakin teku, kuma aljihunka bai wuce ƙaramin otal ba, wata rana za ka tsaya a kan bene irin wannan. Ga hanyar fita. An gwada ta a Baltim, wani gari na bakin teku, cikin zafin Agusta, a Otal Iskar Teku, kuma agwagwa ta dahu. Ka bi matakan a jere. Na ɗaukar maka alkawari za ka ci nama har ka lashe yatsa.

1. Nemi ɗaki mai kallon teku, kuma ka yarda da abin da aka gaya maka

Abdurradi manomin rake ne daga wani ƙauye kusa da Girga, can Kudancin ƙasarsu, nesa da teku. Shekara ashirin da shida yana yi wa matarsa Nabawiyya alkawarin zai kai ta ta ga teku. Da ya tashi cikawa, bai yi rowa ba. Ya ce a ba shi ɗaki mai kallon teku, aka ba shi lamba goma sha ɗaya.

Ba a yi masa ƙarya ba. Ka shiga banɗaki, ka kifa bokiti, ka hau, ka zura kai ta ƙaramar taga, ka karkata wuya hagu. Tsakanin tankin ruwan maƙwabta da igiyar shanyarsu akwai wani shuɗi mai faɗin tafin hannu. Shi ne.

Kada ka yi ƙorafi a kan fanka. Tana juyawa, a hankali dai, kamar mai tuna wani abu da ya wuce. Kada ka ɗaga katifa ka duba ƙarƙashinta. Wanda bai bincika ba ya fi samun barci.

2. Kada ka shiga gidan mutum hannu rabbana

Mutanen Arewa, irin na Baltim, za su ce maka otal kasuwa ce. Kada ka saurare su. Wanda za ka kwana a ƙarƙashin rufinsa mai masaukinka ne, kuma ɗan Kudu ba ya zuwa wa mai masauki da lallausan murmushi kawai.

Abdurradi ya jere kaya a kan teburin karɓar baƙi: gurasar gida guda goma, kwalbar man shanu, tulun tsohon cuku, da agwagwa mai rai, ƙafafunta ɗaure da tsumma.

Ustaz Fikri ya tura gurasa da man shanu ƙarƙashin tebur da ƙafa, ko godiya bai ƙarasa ba. Ya dubi agwagwa.

"Wannan fa?"

"Taka ce. Wata shida tana cin wake daga hannun matata, Uwar Shazli."

"Ina zan kai ta? A hawa na huɗu nake zaune, ni da matata da tsuntsun keji."

"Ana mayar da kyauta a garinku?"

"Ana mayar da wadda take numfashi."

Haka agwagwa ta tare a banɗakin lamba goma sha ɗaya. Nabawiyya ta toshe magudana da tsumma, ta sakar mata famfo. Cikin su ukun da suka taso daga Girga, ita ce ta fara shiga ruwa.

3. Fita ka duba tekun kai kaɗai tukuna

Namiji ba ya kai iyalinsa wurin da bai sani ba. Washegari da hantsi ka bar ta tana wanke zannuwan otal, tunda ta ce ba za ta sake kwanciya a kan zufar wasu ba. Kai kuma ka naɗa rawani ka fita.

A bakin ruwa, cikin dubban lema da dubban baƙin fuskoki, Allah zai haɗa ka da ɗan ƙauyen da ke maƙwabtaka da naku. Kullum haka ake. Na Abdurradi shi ne Hajji Darwish, mai motar noma biyu, zaune a kujerar roba, ya naɗe jallabiya zuwa gwiwa.

Bayan an tambayi lafiyar kowa har da bauna, Hajji Darwish ya ce, "A ina kuka sauka?"

"Can ciki. Wuri mai natsuwa."

"Mu muna wancan dogon, mai na'urar hawa sama. Amma abinci, Baban Shazli, abin tausayi. Kwana huɗu ban ci abin da ya san hannun mace ba. Ku ma dai na san gwangwanin kifi kuke buɗewa."

A nan ne jinin Abdurradi ya hau kansa.

"Gwangwani? Yau bayan la'asar za ka ci agwagwa a ɗakina, girkin hannun Uwar Shazli."

"Haba, kada ka wahalar da baiwar Allah."

"Matata ta saku idan ba ka ci ba."

Hajji Darwish ya ɗaga hannu biyu. Wanda aka rantse masa da aure ba shi da sauran magana. "Sai na zo," ya ce.

4. Ƙirga igiyoyinka kafin ka buɗe baki

Wannan matakin kamata ya yi ya zo kafin na uku. Ba a taɓa samun wanda ya bi shi a kan lokaci ba.

Sai a hanyar komawa Abdurradi ya yi lissafi. Ta farko ta tsinke shekarar da ya rantse surukinsa ba zai tafi ba sai ya kwana, surukin kuma ya tsallake katanga don ya kama jirgin ƙasa. Ta biyu ta tafi a kan kofin shayi: ya rantse shi zai biya, wani ɗan banza ya riga shi miƙa wa mai shayi. Malamai sun yi saɓani a kan irin wannan rantsuwa. Limamin ƙauyensu bai yi saɓani da kowa ba. Ya ƙirga duka biyun, ya rubuta a bayan kalanda.

Saura ɗaya.

Da ya faɗa wa Nabawiyya, tana matse zanin gado. Ba ta daina ba.

"Da wace wutar?" ta ce.

"Zan nemo."

"Tekun fa?"

"Teku ba ya gudu."

Ta shanya zanin a kan ƙofa, ta gyara gefensa da kyau. Abdurradi ya fi son a ce ta yi faɗa.

5. Sayi risho, ka ɓoye shi inda kowa zai gani

Hammata ta fi. Jallabiya mai faɗi ce, amma warin kananzir ba ya jin kunyar kowa. Nan ne ka dawo kan benen da muka fara da shi.

Ka sani mai otal ma yana da dalilinsa. Bara wani ya soya kifi a lamba bakwai, labule ya kama, har yanzu silin ɗakin baƙi ne. Kada ka tausaya masa. Tausayi yana rage ƙarfin murya.

Abdurradi ya sassauta, ya matso kusa.

"Ustaz, tsakaninka da Allah, sau nawa ka taɓa saki?"

"Ban taɓa ba. Ina ruwanka?"

"To kana da uku cif. Ni ɗaya ta rage mini. Ka bar taka guda ta tafi, ka mayar da ita kafin magariba, ba wanda ya ji."

"Kana so in je in ce wa Awaɗif na sake ta saboda agwagwar baƙo?"

"Agwagwarka ce ai. Kai ka ƙi karɓa."

Ustaz Fikri ya zauna a kan matakala ya dafe kai. Abdurradi ya zauna a ta ƙasa da shi, risho a cinya. Kiran azahar ya same su a haka.

6. Nemi fatawa a wuri mafi kusa

Wuri mafi kusa shagon shayi ne na tsallaken titi, inda tsofaffi ke buga domino. Kowannensu mufti ne idan ba matarsa ake magana a kai ba.

Ɗaya ya ce a dafa a saman rufi. Ustaz Fikri ya ce rufi ma gininsa ne, shi ya zuba masa kwalta. Wani ya ce a bakin titi. Abdurradi ya ce sai dai a binne shi, matarsa ba za ta tsuguna tana fige agwagwa a gaban masu gajeren wando ba. Wani mai ido ɗaya ya ce a kai gidan burodi a saka a tanda.

"Hannun mai burodi hannun Uwar Shazli ne?" in ji Abdurradi.

"To ku saki matan duka biyu ku huta, ku zo mu cika huɗu."

Ana cikin haka Madam Awaɗif ta sauko daga hawa na huɗu, da silifas da abin naɗe gashi a ka. Ba ta dubi mijinta ba. Ta wuce lamba goma sha ɗaya, ta rufe ƙofa. Abin da matan biyu suka ce wa juna ba ya cikin wannan jagora, don ba namijin da ya ji.

Da ta fito ta tsaya a baranda ta yi magana da titi gaba ɗaya.

"Ƙanwata tana da kicin a layin baya. Ba ginin kowa ba ne. Wani ya zo ya yanka wannan abar, ta cika mini otal da kashi."

Abdurradi ya yanka a lungu, ya fuskanci alƙibla. Matan suka tafi da ita a cikin kwando.

7. Jira, kada ka bi sawu

Shimfiɗa jaridu a ƙasa. Jera gurasa. Hau bokiti ka dubi teku idan zuciyarka ta ƙi kwanciya. Abdurradi ya hau sau huɗu. Yana ta tunanin gidansu ba Nabawiyya: wa zai san inda maganin hawan jininsa yake, wa zai yi masa shiru irin nata.

Ana kiran la'asar ta shigo da faranti a ka. Baƙar rigarta a jiƙe take har ƙirji, tana ɗiga. Yashi a tsakanin yatsun ƙafarta. Kumatunta sun yi ja, ga wani haske a idonta da ya manta tana da shi.

"Me ya jiƙa ki haka?"

"Ruwa."

Ya buɗe baki zai ƙara, sai ya ji tarin Hajji Darwish a kan bene. Mutum mai hankali ba ya tambaya ta biyu alhali baƙo yana hawa na biyu.

8. Ɗura wa baƙo har sai ya roƙe ka

Agwagwa ta yi ja, tana ƙyalli. Hajji Darwish ya yi bisimilla, ya yagi ƙirji, ya kai baki. Abdurradi ya bi lomar da ido har ta wuce maƙogwaro, sannan ya saki numfashin da ya riƙe tun hantsi.

Ustaz Fikri ya leƙo, wai ya zo duba ko an kunna wuta. Aka ja shi ya zauna, aka miƙa masa cinya. Ya ciza. Ya tsaya da tauna. Ya dubi farantin, ya dubi silin, wajen hawa na huɗu, inda yake cin girkin Madam Awaɗif kullum. Sannan ya ci gaba da ci a hankali.

"Albasa aka cusa mata," in ji Hajji Darwish, baki cike. "Mu a gida da alkama muka saba."

"Uwar Shazli ba abin da ba ta iya ba," in ji Abdurradi. "Ƙara wannan. Wallahi sai ka ƙara."

Ka lura, da Allah ya rantse wannan karon. Mutum yana koyo.

Gargaɗi

Na ce za ka ci nama, ka ci. Iyakar alkawarina ke nan. Ni sakandare na gama, ba jami'ar Azhar ba. Ba ruwana da labulen da ya kama, ko magudanar da ta toshe da gashin tsuntsu, ko abin da limamin ƙauyenku zai rubuta a bayan kalanda. Duk wanda ya bi matakan nan ya bi su da ƙafarsa.

Musamman ba ruwana da abin da ya faru a motar komawa. Mutum goma sha huɗu a ciki, da kayansu a cinya. Abdurradi ya ba direba labarin tun daga bakin ruwa har zuwa ƙashin ƙarshe, sannan ya juyo wajen matarsa, da murya yadda kowa zai ji.

"Kin fid da ni kunya, Uwar Shazli. Hannun nan naki shi ya riƙe gidanmu."

Nabawiyya tana kakkaɓe yashi daga bakin mayafinta. Ba ta ɗago ba. Ta yi tambayar da har aka sauka a Girga ba wanda ya amsa.

"Wa ya ce maka ni na dafa?"