Yadda Za Ki Taya Ango Neman Sautin Kwamfutarsa Ba Tare da An Samu Ba

Idan kina da jaririya mai saurin farkawa, kuma mijin yayarki yana haɗa kiɗa da kwamfuta a ɗakin da ke jikin naku, gyara zama, kukanki ya ƙare. Hanyar nan babu faɗa a cikinta, babu yanke waya, babu zuba ruwa a inda bai kamata ba. Ki bi ta daki-daki, na yi miki alkawari 'yarki za ta yi barcin rana har sai kin tashe ta da kanki, mai kiɗan kuma zai riƙa yi miki godiya.

Sharaɗi ɗaya ne: kwamfutar ta zama mai aiki da manhajar Linux. In irin ta kowa ce, wadda ake kunnawa ta yi magana, sai dai ki koma ga addu'a.

Misalin da za mu bi na Jubairiya ne, maƙwabciyarmu a nan garin Talasseri, kudancin Indiya. Mijinta yana Maskat yana sayar da taya. 'Yarta Minha ba ta fara zama ba tukuna. Yayarta Sajna kuwa, mijinta Jamshir ya dawo daga Dubai gaba ɗaya da lasifika biyu, kowacce ta kai firji tsawo, ya kuma ɗaura aniyar ɗora waƙoƙin bikinmu a kan gangar zamani.

Mataki na 1: Ki san matsayinki

Kin san dokar gidajenmu. Miji ne ke tarewa a gidan matarsa, kuma daga ranar da ya shigo sunansa Ango, ko da ya yi furfura jikoki suna hawa wuyansa. Shi ake fara zuba wa tsakiyar kifi. Ana ce masa ƙara. Ba a taɓa ce masa rage.

Ango Jamshir yana fara kiɗansa ne bayan abincin rana, daidai lokacin da Minha ke lumshe ido a lilon zanin da aka rataya mata jikin bango. Ganga ta farko, yarinya ta zabura, hannuwa a sama. Daga nan kuka har magariba, ga gajiya, ga ƙin kama nono. Da abin ya ishi Jubairiya sai ta samu kakarsu Kunjamina, wadda suke kira Ummama, mai gidan.

"Ummama, gangar nan tana firgita yarinyar."

"Sa mata auduga a kunne."

"Ma'aikaciyar asibiti ta ce nauyinta ya tsaya. Ta ce barci take nema."

"Ita ma'aikaciyar, a gidansu tsawa ake yi wa Ango? Kakanku har ya koma ga Allah minshari yake kamar injin kwalekwale. Wa ya taɓa jin bakina?"

Kada ki ɓata yawunki kamar yadda ta ɓata. Ƙofar gaba a rufe take. Mai hankali ba ya dukan bango da goshi, zagayawa yake.

Mataki na 2: Ki jira ranar sabuntawa

Za ta zo. Mai Linux ba ya iya ganin abu yana aiki ya ƙyale shi. Wata rana kwamfutar za ta ce masa akwai sabon abu, zai ce a kawo.

Ran nan Jubairiya ta kwantar da Minha, ta zauna kusa da lilon, kafaɗunta a ɗage tana jiran ganga. Shiru. Ta ji hankaka a kan rufi. Ta ji Umma, mahaifiyarsu, tana kankare kwakwa a kicin. Can sai ƙofar Ango ta buɗe.

"Sajna, wa ya taɓa min kaya?"

"Wa zai taɓa? Ni kaina shara nake ina zagaye wayoyinka kamar macizai."

"To zo ki gani."

Daga bakin ƙofa Jubairiya ta hango allon. Korayen sanduna suna ta tsalle, alamar waƙa tana tafiya, lasifiku kuwa sun yi tsit kamar surukai a gaban juna. Ranar Minha ta yi barci har la'asar, ta tashi ta sha nono ɓangare biyu, ta yi gyatsa irin ta manya.

A nan yawancin mata ke yin kuskure: murmushi. In ya taso miki, shiga kicin ki buɗe kabad ki sa kanki ciki kamar mai neman barkono. In ya wuce, ki fito ki ce, "Ayya, Ango, Allah ya kawo sauƙi." Ba ƙarya kika yi ba. Ba ki dai faɗi wanda za a kawo wa sauƙin ba.

Mataki na 3: Ki tura shi wurin jama'a

Namiji in an bar shi shi kaɗai da matsala, wani lokaci yakan warware ta bisa kuskure. Kada ki bari. Ki ce, cikin ladabi, "Ango, ai na ji 'yan'uwanku suna da zaure a intanet, ba sa barin nasu a wahala."

Jamshir ya rubuta tambayarsa da kyau, har da gaisuwa. Na farko ya amsa da cewa nasa yana aiki lafiya lau. Na biyu ya ce an sha yin wannan tambayar, ya je ya bincika. Na uku ya tambaye shi me ya kai shi amfani da wannan manhajar tun farko. Da ya bincika, sai ya samu wani bawan Allah da ya yi fama da ciwo iri ɗaya sak shekarun baya. A ƙasan dogon kukansa ya dawo ya rubuta: "Na gyara, na gode." Bai faɗi yadda ya yi ba.

"Wane irin mutum ne wannan?" in ji Ango a kan abinci, yana nuna allon waya.

Jubairiya kuwa, da ta idar da salla ta sa mutumin a addu'a.

Mataki na 4: Ki gayyato masani, amma kada ya zama ɗaya

Ki riƙe wannan da kyau. Masani ɗaya haɗari ne. Masana biyu kwanciyar hankali ne.

Da Ango ya ce zai kira Malam Sudakaran, mai koyar da kwamfuta a makarantar 'yan mata, gaban Jubairiya ya faɗi, don mutumin an san shi da naci. Sai ta tuna da Tomichan, akawun banki mai dogon gemu, wanda Ango da Malam suke haɗuwa da shi ran Lahadi a ɗakin karatu. Shi ma ɗan Linux ne, amma mazhabarsu ba ɗaya ba.

"Ango, in aka kira Malam ba a kira Tomichan ba, ba zai ji haushi ba?"

"Wallahi kin yi tunani, ƙanwata."

Suka zo rana ɗaya. Ga abin da ta fahimta daga inda take tsaye da tiren shayi. Sauti a Linux ba ya fita kai tsaye. Sai ya bi ta hannun ma'aikata kamar takardar fili a ofishin gunduma: wannan ya ce tana wurin wancan, wancan ya ce wannan ne ya riƙe mabuɗi. Akwai tsohon ma'aikaci, akwai sabo, kuma ba sa ga maciji.

"Sabon nan shi ne annobar," in ji Malam Sudakaran. "A cire shi."

"Malam, da girmanka," in ji Tomichan, "tsohon naka ya kamata a yi wa ritaya tun kana da gashi."

"Gashina ya zube ne wajen gyara ɓarnar irinku."

"Ango, ba ni kujerar," in ji Tomichan.

"Ango, kada ka ba shi."

Aikinki a nan abinci ne. Baƙon Ango, Ango ne, Ummama da kanta za ta ce a yanka kaza. A yi shinkafar biriyani mai nauyi, a bi da soyayyar ayaba. Lokacin da Malam ya fita wanke hannu, Tomichan ya cire abin da Malam ya sa. Lokacin da Tomichan ya fita amsa waya, Malam ya mayar, ya ƙara da wani. Da yamma ko linzamin kwamfutar ya daina motsi. Suka rabu a kan za su dawo.

Mataki na 5: In tausayi ya kama ki, ki je awo

Zai kama ki, ke ba dutse ba ce. Ango ya rame. Ya daina wasa da yara, yana zaune gaban baƙin allo yana rubuta wasu kalmomi kamar mai yi wa aljani wasiƙa. Sajna ta samu ƙanwarta tana shanya.

"Jiya cikin barci ya ce min, 'ba a samu na'urar ba.' Ni ce na'urar?"

"Haƙuri, Yaya."

"Ke dai na ga kin yi haske kwanan nan."

"Man kwakwa ne."

Tausayi ya kama Jubairiya, don mutumin bai taɓa yi mata komai ba sai alheri. Shi ya kai ta asibiti ranar haihuwa. Sai ta saɓi Minha ta tafi awo. Ma'aikaciyar ta ɗora yarinyar a sikeli, ta duba, ta sauke ta, ta sake ɗorawa.

"Masha Allah. Wannan cinyar daga ina? Me kuka canza mata?"

"Ba ita aka canza wa ba."

Ki dawo gida da wannan cinyar a hannunki. Za ki ga tausayin ya samu wurin zama, ya yi shiru.

Mataki na 6: Ki lura da abin da hannunsu ke murɗawa

Wannan ba wanda ya gaya wa Jubairiya, da idonta ta gani. Ta kawo baƙin shayi sai ta tarar Tomichan yana murɗa maɓallin ɗan akwatin da ke tsakanin kwamfuta da lasifiku, har ya ƙure.

"Wannan na mene ne?"

"Na ƙara murya ne. Ko yana can ƙasa-ƙasa ba mu ji."

"Na bayan lasifikun fa?"

"Malam ya ƙure su tun zuwan farko."

"Na cikin allon?"

"Waɗannan," in ji Ango da alfahari, "na samu hanyar wuce ƙarshensu."

Shirun da take ta kiwo ashe damisa ce ke barci, kuma tsakaninta da lilon Minha bango ɗaya ne. Ɗakin Ango ba wurin da ƙanwar mata ke shiga ta taɓa kaya ba ne. Saboda haka ta yi abin da ke hannunta. Ta kwance lilon ta mayar da shi can ƙuryar kicin, ta ce saboda sauro. Duk sanda ta ji Ango ya ce "bari in gwada wani abu," sai ta sunkuci 'yarta ta yi bayan gida. Ki yi haka ke ma. Ki tsaya wajen rijiya, ban da gindin kwakwa. Ba a gudun ƙara a faɗa wa abin da ke faɗowa.

Mataki na 7: In ranar ta zo, ki bar manya su yi magana

Juma'a ce. Ango ya bar waƙar tana ta zagayawa a allo kamar kullum, ya sa turare ya tafi masallaci. Gida ya rage mata zalla. Wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya. Kafin a gama tsaki ta dawo. Me ya faru a cikin ɗan akwatin nan, ba wanda ya sani, kuma an tabbatar min a Linux ba dole ne a sani ba.

Sauti ya dawo.

Ba kiɗa ba ne. Abu ne da aka ji a haƙori. Tukwane suka zubo daga kanta, hankaki suka watse daga unguwar, akuyar maƙwabta ta tsinke igiya. Bugu ɗaya, biyu, sai wani ƙaras, sai tsit.

Minha tana kafaɗar uwarta a kicin. Ta sandare, ta buɗe baki babu murya, sannan kukan ya fito, jikinta duk yana ɓari. Jubairiya ta dunƙule ta a ƙirji, tafin hannu a kan kunnenta, tana jijjigawa.

Sajna ta fito da gudu. "Ya dawo! Bari in kira shi!" Ta tura ƙofar ɗakin, sai ta tsaya. Siririn hayaƙi yana fita daga bayan kowace lasifika, ga ƙaurin roba. A allo kuwa korayen sanduna suna ta tsallensu.

Ummama ta iso a hankali, hannu a ƙirji, mayafi a karkace. Ba ta kalli lasifikun ba. Yarinyar ta kalla, ta daɗe tana kallo, yadda ta yi jajir tana shessheƙa tana damƙe da wuyan rigar uwarta.

"Da lilon yana inda yake fa?" ta ce, ba da kowa ba. Sannan ta gyara mayafi. "Sajna, buɗe taga. Kawo kasko da turaren wuta."

"Ummama, me za mu ce masa?"

"A kan me?"

Da Ango ya dawo, gidan yana ƙamshi, an shimfiɗa abinci, Minha ta koma barci da guntun hawaye a kumatu.

"Muna cikin huɗuba muka ji wata ƙara ta wajen nan," ya ce yana cire hula. "Har liman ya yi shiru."

"Taransifoma ce," in ji Ummama.

"Kamar kuma ina jin ƙauri."

"Kifi ne ya kama. Zauna, Ango. Sajna, ƙara masa."

Ya ci, ya yi hamdala, ya shiga ɗaki. Jim kaɗan ya leƙo, fuskarsa da haske. Ya ce yau kwamfutar ba ta nuna kuskure ko ɗaya ba, ta ga akwatin, ta ga komai, saura ƙiris. Ya yanke shawarar goge ta gaba ɗaya ya sa irin Linux ɗin Tomichan.

"Allah ya ba da sa'a," in ji matan gidan, baki ɗaya.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba ta san komai game da kwamfuta ba, ba ta kuma ce kowa ta yi komai ba. In Angonku ya ɗauki lasifikunsa ya kai wa mai gyara, ko ya aika Dubai a kawo waɗanda suka fi su, ko yayarki ta kasa riƙe bakinta, wannan tsakaninku ne, kada a biyo ta gidanmu, muna da mai barci. In kuma wani ya zo yana tambayar abin da aka ji a layinmu ran Juma'ar nan, ni ma taransifoma na ji.