Kawu Shahata Ya Sauko da Ƙafarsa

Jama'a, yau da kwankwaso a ɗaure nake muku rubutu. Da safe na goyi kawuna Shahata, tsohon mai gashin burodi na unguwarmu a Mansura, na hau da shi hawa na huɗu, domin can manyanmu masu hangen nesa suka ga ya dace a buɗe cibiyar gashin ƙashi ta tsofaffi.

Tun bayan azumi ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Likita ya ce in ba a motsa ƙafar nan a watannin nan ba, ta sandare ke nan har abada. Shi ya sa da muka ji an kawo cibiya cikin unguwa, matarsa har guɗa ta yi.

Akwai lifta fa, na'urar hawa bene, kada ku zalunce su. Sabuwa dal, tana ƙyalli. Maigadi ya ce ba a taɓa ta sai Mai Girma Sarkin Almakashi ya zo ya yanke ƙyalle.

A hawa na biyu muka iske maƙwabciyarmu Hajiya Nabawiyya zaune kan matakala, sandarta a cinya, tana cin burodi da wake.

"Fikri, sabon jaki kawunka ya saya?" in ji ta.

"Hajiya, ba ki ƙarasa ba?"

"Nan gwiwata ta tsaya tun makon jiya. Kullum nan nake zuwa in huta in koma. In ka isa ka gaishe su."

Muka isa ina numfashi sama-sama. Ɗaki fes, kekunan motsa jiki jere cikin ledarsu kamar kayan amarya. Wani jami'i mai ƙamshin turare, Malam Midhat, ya ce likitan gashin ƙashin ya tafi taron bita a wani otal na bakin teku.

"Bitar me, ranka ya daɗe?"

"Kusanto da hidima ga tsofaffi."

Kawu ya ce ko ƙarfen dafawa a bar shi ya riƙe ya gwada tsayuwa. Malam Midhat ya ce a'a Baba, hannu zai dusashe shi kafin ranar biki.

Na durƙusa in goyi Kawu mu koma. Sai ya ture ni da hannun da ke aiki.

"Matsa can! Wallahi gara in mirgina da in bar wannan ɗan turaren ya ƙara kallona a bayan mutum."

Ya cafki ƙarfen matakala. Ƙafar da ta ƙi motsi wata da watanni ta ja, ta sauka. Na yi wuf na tare gabansa, shi kuwa kowane taki da zaginsa, bai bar kowa ba tun daga maigadi har wanda ya zana ginin. Hajiya Nabawiyya na ganinsa ta saki burodin ta fashe da kuka. Ni ma idona ya cika.

Ina waiwayawa sai ga Malam Midhat yana ɗaukar hoto da wayarsa. "Nasarar shirinmu ta farko!" in ji shi.

To, ni dai na sara wa manyanmu. Ashe takaici ne maganin, kuma shi kaɗai ne ba a taɓa cewa ya ƙare a sito ba.