Dutsen Duba a Miyar Ajuma

"Lahiya lau, angon da ba ya cefane. Ina gajiya?"

"Gajiya ta bi lahiya, tsohuwa. Ashe kina nan? Na zaci zan iske ana rabon gumbarki."

"Taka za a fara sha, ja'iri. Zauna ga tuwo."

Ajuma ke nan a tsakar gidanta a Gaya, da jikanta Yazidu ɗan kabu-kabu, wanda ta raina tun rasuwar uwarsa. Shi kaɗai ya rage mata a gidan. To, kwanan baya sai ya ƙetara gadar kogin Kwara zuwa kasuwar Malanbil, wani mai duba ya watsa masa duwatsu kan buzu, farin ya gangara kudu. Shi ke nan fa, wai arzikinsa yana Kwatano! Ya sayo farin dutsen, ɗan dunƙule kamar goro mai ƙyalli, da sharaɗin kada ya kuskura ya kama hanya ba tare da shi ba. Har ya yi cinikin motonsa, wato babur ɗin da yake kabu-kabu da shi, mai saye Mansur zai zo ɗauka bayan la'asar. Ajuma ta sha kukanta a ɗaki, don tana tsoron ya tafi ta mutu ba ta sake ganinsa ba. Amma ita ta roƙi wannan yaron? Allah ya kiyaye.

Yazidu ya kai loma, ya lumshe ido.

"Kai! Yau wa ya yi miki miya? Wannan ba hannunki ba ne."

"Aljanu suka yi. Ci ka ƙara."

"Da haka kike yi kullum, da ban yi niyyar sakinki ba."

"Ka sake ni ka auri wa? Da wanga kai naka kamar tulun da ya faɗo daga jaki?"

"'Yan matan Kwatano na layi suna jirana. Masu haƙora, ba irinki ba."

"Haƙoran da za su cinye ka da su ke nan."

"Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi."

"Kifin da ya faɗi haka, ga shi nan cikin miyarka. Da ya zauna wuri ɗaya, da yanzu yana Kwara."

Yazidu ya ƙyale ta, ya tashi da tuwon tas, ya nemi ƙari. Ajuma ta zuba masa da hannu biyu, tana kallonsa kamar kaza ta ga tsaba. Da ya suɗe kwano ya wanke hannu, sai ya miƙa mata tafi.

"To amarya, kawo ajiyata."

"Wace ajiya?"

"Dutsena da na ba ki jiya ki ɓoye cikin kwalla."

"Au, ɗan gishirin nan?"

"Wane gishiri? Dutsen duba ne! Daga bayan teku aka kawo shi. Mutumin ya ce da dare har magana yake."

"To ni bai ce mini komi ba. Na gaishe shi, shiru. Na yi masa da Zabarmanci, shiru. Sai na lasa."

"Kika mi?"

"Na lasa. Ni haihuwar Tunuga ce, cikin gishiri aka yanke mini cibiya. Abu fari ya shigo gidana ban kai shi baki ba? Ina lasa na ji zau! Na ce Allah ya yi wa angona albarka, yau dai ya tuna da cefane."

Yazidu ya miƙe zumbur, hula ta faɗi.

"Tsohuwa, ina dutsen?"

"Turmi ya ga rabonsa, tukunya ta ga nata."

"Inna lillahi! A miya kika sa?"

"Kwano biyu ka ci. Kai da bakinka ka yaba."

"Kin daka mini arziki a turmi!"

"Na ajiye maka shi inda ɓarawo ba ya kai hannu. Da a aljihu yake, da tun tasha an yanke."

Ya dafe ciki, ya zauna, ya sake tashi. Ajuma kuwa ta gyara ɗaurin kallabi, daɗi ya cika ta har wuya. Can sai idonsa ya yi haske, ɗan banza, ya tuno dabara.

"To ai shi ke nan! An ce kada in tahi ba tare da shi ba. Ga shi cikin cikina. Gobe sai Kwatano."

"Sannu, mai wayo. Wa ya ɗanɗana miyar tana wuta? Wa ya ci kwanon farko? Wa ya kankare tukunya? Rabin dutsen nan yana nan." Ta buga cikinta. "Ka tahi da rabin arziki, ka dawo da takalmi ƙafa ɗaya. In tahiya ce, ƙafarka ƙafata. Ka goya ni bisa moto, mu ƙetare gada, in 'yan duwan masu binciken kaya a iyaka sun tambaya ka ce kayan duba ne."

"Ke? Wa zai yarda? Sai su ce kayan tarihi na sato."

"Ka biya kuɗin fito ke nan. Kuma in gaya maka, ba ni zama bayan moto sai da matashi, ba ni cin abincin tasha, kuma duk masallaci sai an tsaya."

Yazidu ya dube ta, ya dubi kwanon, dariya ta ƙwace masa har da hawaye. Ana haka aka yi sallama a ƙofa, Mansur ne.

"Mansur, yi haƙuri!" Yazidu ya ɗaga murya. "An fasa. Moto na da mai shi."

Ya laluba aljihu ya fiddo ƙullin goron da ya sayo na bankwana, ya ajiye a cinyarta.

"Ungo, mayya. Kin ci ni."

Ajuma ta ɓare ɗaya, ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo ta katanga.

"Ku shigo ku taya ni murna!" in ji ta. "Angona ya mai da ni ɗakina."